Fatu Ba Ta Shan Nono

Ranar da Malam Ummaru ya ce ba zai ba Kalilu mai lambu auren 'yarsa ba, ko da maza sun ƙare a Jibiya, Hajjo ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce to, ta tashi daga durƙuso, ta je ta jiƙa aya.

Kuka sai mai sarari. Ita tana da bakin da za ta ciyar.

Hajjo bazawara ce, shekarunta ashirin da uku. Mijinta Bawa makiyayi ne daga rugar Mazanya. Maciji ya sare shi damina biyu da suka wuce, ya bar ta da goyon 'ya mace, Fatu. Kafin goyon nan sun haifi ɗa namiji, Manu. Lafiyarsa ƙalau har aka yaye shi, aka kai shi wurin kakarsa kamar yadda aka saba. Kwana uku yana shan nonon shanu, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓɓansa suka kumbura, numfashinsa ya riƙa ƙara kamar ana busa sarewa. Ran na huɗu aka binne shi. Mutanen ruga suka ce iska ce.

Lokacin yayen Fatu, Hajjo tana gidan ubanta a cikin gari. Ludayi ɗaya na fura da nono ta ba ta. Ba ta kai ga wanke ludayin ba ta ga abin da ta gani a jikin Manu. Yarinyar ta yi amai har ta galabaita, Allah ya sa da sauran kwana a gaba. Tun daga ranar Hajjo ta san ba iska ba ce.

To, yaron da aka yaye kuma ba ya shan nono, me zai sha? Koko ta ƙi shi, tuwo ya fi ƙarfinta. Fatu ta rame har wuya ya kasa ɗaukar kai.

Kalilu ne ya tsamo ta. Mutumin Maraɗi ne, ya tsallako iyaka tun yana saurayi, zamanin da Faransa ke kama mutane aikin tilas, ya kafa lambu a bakin gulbi. A gonar wani Bature ya koyi shukar gwanda da karas. Shi ya nuna wa Hajjo abin da za ta haɗa, shi yake aiko mata da kayan. Wata biyar ke nan, Fatu ta yi kumatu, zuciyar uwarta kuwa ta tafi inda ba a aike ta ba.

Washegari da hantsi Hajjo ta tsame ayar, ta wanke, ta zuba a turmi da dabino huɗu da ta cire wa ƙwallo. Ta kirɓa har suka kama juna, ta dama da ruwan da ta tafasa ya huce, ta tace da farin ƙyalle. Ruwan ya fito fari tas, wanda bai sani ba sai ya rantse madara ce. Ta ɓare gwanda nunanniya, ta kwashe 'ya'yan, ta saka rabi a ƙwarya. Ta kawo karas biyu da ta dafa har suka yi laushi, da ɗan garin 'ya'yan kuka don tsami. Sannan ta sa maburgi tsakanin tafukanta ta shiga murzawa, har abin ya haɗe, ya yi kauri, ya yi kalar ƙasar gulbi da yamma.

Fatu na riƙe da gefen zanenta tana tsalle.

“Iya, gwanda! Iya, gwanda!”

“To, ki sake ni mana in zuba miki, mai kwaɗayi.”

Ta zaunar da ita kan tabarma, ta miƙa mata ɗan ƙoƙo. Yarinyar ta kafa kai, ba ta ɗago ba sai da gashin baki ja ya fito mata. Ragowar Hajjo ta ɗura a gora ta toshe, na la'asar.

Sai ta ji sallama, muryar da ta fi tsoro a duniya.

Inna Salmatu ce, uwar marigayi Bawa, da ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Bayanta Arzika, ƙanin Bawa, dogo, da sanda a kafaɗa. Bai tsaya a zaure ba, ya kutso har tsakar gida kamar gidan ubansa. Tun da Hajjo ta fita takaba yake neman aurenta. Sau uku tana cewa a'a.

Hajjo ta durƙusa.

“Inna, sannu da hanya. Ina kwana?”

Inna ta ja ta tsaya. Idonta na kan ƙoƙon da ke hannun jikarta.

“Mi ne ne wanga?”

“Abincinta ne, Inna. Aya ce da gwanda da...”

“Abincin birai ke nan. Jikata, jinin Bawa, ana ɗura mata kayan lambu kamar akuya, ga shanun ubanta arba'in suna zubar da nono a ƙasa.” Ta sauke ƙwaryar, ta buɗe. Kindirmo ne, mai kauri, da man shanu yana yawo a kai. “Zo nan, Fatu. Zo ki sha na gidanku.”

Hajjo ta yi wuf ta janye yarinyar bayanta.

“Inna, don girman Allah. Kin ga Manu da idonki. Wallahi nono ne ya kashe shi.”

“Rufe mani baki! Nono ya kashe ɗa? Da nono ke kisa da ba ki iske kowa a Mazanya ba.”

Arzika ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido.

“Ni na daɗe ina tunani, Inna. Ɗan Bawa ba ya ƙin nono. Ɗiyar da ba ta shan komi sai gwanda, ai a tambayi mai gwandar ko ɗiyar wa ce.”

Hajjo ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

“Arzika, ni kake jifa da wannan? Yayanka yana kabari kake ci masa mutunci?”

Ya ɗaga ƙafa ya shuri ƙwaryar da ta yi haɗin, ta bugi bango ta dare biyu. Ya finciko Fatu ta hannu ɗaya, yarinyar ta tsala ihu. Inna ta cika ludayi ta nufo bakinta.

Hajjo ba ta san lokacin da ta kai wa ludayin duka ba. Ya yi sama, nonon ya fantsama a fuskar tsohuwar, ya gangara kan mayafinta.



Marin da Arzika ya ɗauke ta da shi sai da ta ga wuta. Ta faɗi kan turmi, haƙarƙarinta ya bugu, bakinta ya cika da gishirin jini. Duk da haka ta rarrafa ta rungume Fatu, ta dunƙule a kanta. Sandar ta sauka a gadon bayanta sau ɗaya, sau biyu.

“Kai! Kai, Arzika! A gidana?”

Malam Ummaru ne ya shigo da sauri daga masallaci, carbi a hannu. Arzika ya sauke sandar yana huci.

“Baba Malam, uwata ta watsa wa nono a fuska.”

Malam Ummaru ya dubi Inna, ya dubi 'yarsa a ƙasa. Shi da uban Bawa aminai ne tun suna yara, har mutuwa ta raba su. Ya runtse ido, ya ba Inna haƙuri da muryar da Hajjo ba ta taɓa jin ya yi amfani da ita ba, ya raka su har ƙofar gida.

Da ya dawo ya zauna kan turmin. Hajjo ta matso, hawaye da jini sun haɗe a haɓarta.

“Baba, ka gani. Wannan za ka ba ni?”

“Na gani. Kuma raina ya ɓaci. Amma ki saurare ni, Hajjo. Ɗiya ta uba ce. In kika auri wani a waje, za su karɓe ta, ba mai hana su. In kika auri Arzika, kina tare da ita, kina ganin abin da ke shiga bakinta. Ni wanga nake duba miki.”

“A gidan da ko ruwan sha a ƙwaryar nono ake zuba shi? Baba, ko wata ba za ta yi ba. In na je rijiya fa? In na kwanta ciwo fa?”

“Shi mai lambun naki mi zai yi miki? Baƙo ne. Ba uba, ba dangi, ba wanda zai tsaya masa. In kika aure shi gobe, jibi garin nan kaf zai ce maganar Arzika gaskiya ce. Kin fi son a kira ɗiyarki shegiya?”

“Na fi son a kira ta ko mi ne ne, tana da rai tana amsawa.”

Malam Ummaru ya sa carbinsa a aljihu. Sannan ya miƙe.

“Na ce musu Juma'a za su ji daga gare ni. Ki yi shawara da zuciyarki. Amma ƙafarki kada ta sake taka lambun nan.”

Bayan azahar, da Fatu ta yi barci, Hajjo ta bar ta wurin gwaggonta, tsohuwar yayar ubanta da ke zaune a gidan. Ta rataya gorar nan a kafaɗa ba tare da ta san dalili ba, ta yafa mayafi har goshi, ta nufi inda aka hana ta.

Farkon bazara ne, gulbi ya ƙafe sai yashi. Kalilu na bakin rijiyarsa yana jan ruwa da jigo, yana kwarara wa kunyoyin karas. Yana ganin tafiyarta ya saki igiyar.

“Hajjo, wa ya taɓa ki?”

Ta yaye mayafin. Ya ga leɓen, ya ga kuncin. Hannunsa ya ɗago kamar zai taɓa, ya tuna ba halalinsa ba ce, ya mayar.

“Arzika?”

Ta gyaɗa kai. Kukan da ta danne tun jiya ya ɓalle.

“Malam Kalilu, na zo in ce maka ka haƙura da ni. Baba ya ce Juma'a. Ba ni da yadda zan yi. In na aure ka, sun ɗauke ta. In na aure shi, na kai ta da hannuna. Ko ta ina na juya kabari nake gani.”

“Zauna, Hajjo. Zauna nan inuwa.”

“Ba zan zauna ba. In na zauna ba zan iya tashi in bar ka ba.”

Ya juya mata baya na ɗan lokaci. Da ya juyo idanunsa sun kaɗa.

“Ni ban shiga rayuwarki don in raba ki da ɗiyarki ba. In barina zai sa ta rayu, wallahi na bar ki, in ci gaba da aiko da gwanda har Mazanya, ko da kaina zan ɗauka. Amma ba zai sa ba. Ke kin sani, ni na sani.”

“To mi zan yi?”

“Mu tahi wurin alƙali. Ke uwa ce, kina da haƙƙi. Mu ɗauki malamin asibiti ya faɗi abin da ya sani. Ki faɗi na Manu.”

“In kai uwar mijina ƙara? Baba zai tsine mani.”

“Ba zai tsine miki ba. Tsoro yake ji, ba ƙiyayya ba.” Ya sunkuya ya ɗauko wani kwando da ya riga ya shirya. “Dubi. Mangwaro ya fara nuna. Na ajiye mata na farko. Ki matse shi a ruwan ayar, ki sa dafaffiyar kabewa maimakon karas, don karas ya kusa ƙarewa. Ga ganyen zogale, ki shanya a inuwa, ki daka, ɗan kaɗan a bakin cokali, kada ta ji ɗaci ta ƙi. Na lissafa mata har damina, Hajjo. Kowane wata da abin da za ta sha.”

Ta dubi kwandon, ta dube shi. Mutumin da aka ce ba shi da kowa, ya zauna ya tsara wa 'yar wani abincin shekara.

“Ni kam mi na yi wa Allah da ya haɗa ni da kai bayan an rufe ƙofa?”

Ƙasa ta fara rawa.

Shingen ƙayar da ke gabas ya kwanta lokaci ɗaya. Shanu ne, sun fi talatin, ana koro su da ihu da bulala. Suka afka kunyoyi, suka tattake karas, suka tunkuɗe bishiyoyin gwanda, masu taushin jiki, suna karyewa kamar kara. Wani bajimi ya bangaje jigon, itacen ya faɗo da ƙara.

“Lambuna! Kai, jama'a, lambuna!”

Kalilu ya ruga yana ɗaga hannuwa don ya juya su. Daga bayan shanun Arzika ya fito, da wasu maza biyu na rugarsu, kowa da sanda.

Dukan farko a hannu ya same shi, Hajjo ta ji ƙarar ƙashi daga inda take. Na biyu a gwiwa. Ya durƙushe. Suka rufe shi su uku, sanduna na tashi suna sauka kamar ana sussukar gero. Ya yi ƙoƙarin kare kansa da hannun da ya rage, Arzika ya daidaita ya sauke masa a tsakiyar ka. Jini ya tsinke, ya rufe masa fuska.

Hajjo ta ɗauki fartanya ta yi kansu tana kururuwa. Ɗaya ya murɗe mata hannu ya wurgar da ita cikin taɓon kunya.

Arzika ya tsaya a kanta yana haki, sandarsa na ɗigar jini.

“Alƙali ko? Na ji ku. To ki gaya wa alƙalin naki ya bi mu ƙasar Faransa da sammacinsa. Je ki gida ki ga ko za ki iske ta.”

Ya juya ya bar shanun da mutanensa, ya kama hanya da sassarfa.

Hajjo ta miƙe. Ta dubi Kalilu kwance cikin jini da ruwan rijiya. Ya ɗago kai da ƙyar.

“Tahi,” ya ce. “Bar ni. Tahi!”

Ta tafi. Allah kaɗai ya san abin da barinsa ya ci mata.

A ƙofar gida ta iske gwaggonta zaune a ƙasa tana dukan cinya.

“Uwar Bawa ce ta dawo, ɗiyata, cewa ta yi ta manta faifanta. Na shiga in ɗauko mata, na fito ba ita ba Fatu. An gan ta kan jaki, ta yi hanyar Maraɗi. Ubanki ya bi su.”

Hajjo ta ɗaure zane a ƙugu ta zuba da gudu. Ta wuce masu awon gyaɗa, ta wuce mahauta, mutane na darewa suna kallon mace ba ɗankwali, jikinta duk taɓo. Ta bar titin mota ta yanke ta gonaki, ƙaya na shiga ƙafarta ba ta tsaya cirewa ba. Gorar na bugun haƙarƙarinta mai ciwo.

Iyakar ba wani abu ba ne, dogon itace ne aka gitta a hanya, da ɗakin 'yan kwastan a gefe. Can gaba kaɗan ɗakin duwan, wato 'yan kwastan Faransa, da tutarsu. Motocin gyaɗa biyu daga Maraɗi suna tsaye ana duba takardunsu. Ƙarƙashin wata tsamiya, taku ashirin kafin itacen, mutane sun yi cincirindo.

Ta san abin da za ta gani tun kafin ta ratsa su.

Inna Salmatu na zaune a ƙasa, Fatu a cinyarta. Ga buɗaɗɗiyar ƙwarya a gefe. Fuskar yarinyar ta kumbura har idanu sun shige, leɓɓanta sun yi suntum, wuyanta da ƙirjinta duk ruɗu-ruɗu. Numfashin nan mai ƙara yana fita da ƙyar.

“Kuka take yi,” Inna ke ta faɗa wa duk wanda ya dube ta. “Yunwa take ji. Ludayi biyu ne kawai. Ludayi biyu.”

Hajjo ta fizge 'yarta. Ta zaunar da ita a tsaye jikin ƙirjinta, ta karkata kanta gaba, tana shafa bayanta.

“Fatu! Fatu, ga Iya. Yi numfashi, uwata. Yi numfashi.”

Jikin yarinyar ya sandare, sannan ya saki. Amai ya zo, fari, ya wanke wa Hajjo ƙirji. Ya sake zuwa. Ya sake. Tsakanin kowane ɗaya Hajjo na jin ƙarar nan, tana ƙirga ta, tana roƙon Allah da duk sunan da ta sani. Wani direba ya jiƙa rawaninsa ya miƙo, ta goge mata fuska da wuya.

Arzika ya ratso taron.

“Inna, tashi mu ƙetare. Mi kike jira? Ba ni ita.”

“Arzika, dubi yarinyar,” in ji Inna. “Haka Manu ya yi. Haka ya yi, wallahi.”

“Iska ce. A can akwai mai magani. Ba ni ita, na ce!”

Ya damƙi gashin Hajjo ya ja ta baya, ɗaya hannun yana ƙoƙarin ɓamɓare yarinyar. Hajjo ta kafa masa haƙora a damtse har ta ji ɗanɗanon jini. Ya yi ƙara, ya kai mata gwiwa a ciki. Ta durƙushe, amma ba ta saki ba. Mutane na “kai, kai, bari,” ba wanda ya matso, don sun ga kuben wuƙa a damtsensa.

Sai wani ya faɗo masa ta baya.

Kalilu ne. Yadda ya hau jakinsa na kai kaya kasuwa, da karyayyen hannu da fasasshen kai, har ya iso nan, shi ma daga baya bai iya faɗa ba. Da hannu ɗaya ya shaƙo wuyan Arzika, suka zube tare, suka yi birgima cikin ƙura har gindin itacen iyaka.

“Gudu da ita, Hajjo!”

Ta ga hannun Arzika ya tafi damtse. Ta ga ƙarfe ya yi walƙiya.

Sau ɗaya ne, a ƙasan haƙarƙari. Kalilu bai yi ihu ba, wani ɗan sauti kawai ya yi kamar wanda ya yi tuntuɓe. Hannunsa ya saki.

Arzika ya miƙe, ya dubi wuƙar, ya dubi 'yan kwastan biyu da suka fito da gudu. Ya sunkuya ta ƙarƙashin itacen, ya ruga, ya kauce wa ɗakin duwan, ya faɗa daji. 'Yan kwastan suka tsaya cak a bakin itacen. Ikonsu nan ya ƙare.

Inna Salmatu ta ɗora hannu biyu a ka.

“Na haifi biyu, maciji ya ci ɗaya, ɗaya ya zama macijin.”

A daidai lokacin Malam Ummaru ya iso, yana dogara sanda, numfashinsa sama-sama, don ta titi ya biyo. Ya ga jikarsa, ya ga ƙwaryar nonon, ya ga mutumin da ke kwance. Bai tambayi kowa komai ba. Ya warware rawaninsa, ya durƙusa cikin jinin, ya danne ramin da hannu biyu.

“Ku kama mani! Ku kama a ɗaure!”

Hajjo na durƙushe tsakaninsu, Fatu a ƙirjinta. Sai ta lura ƙarar numfashin ta ragu. Kumburin na nan, amma iska na shiga tana fita. Yarinyar ta buɗe ido ɗaya da ƙyar, leɓɓanta sun bushe, ta motsa baki ba murya.

Hajjo ta cire toshiyar gorar da haƙori. Ta ɗiga a yatsanta, ta shafa mata a harshe. Ta jira. Ta sake ɗigawa. Yarinyar ta haɗiye.

Inna ta matso da gwiwa, tana kallo kamar ba ta taɓa ganin yaro na haɗiya ba.

“Hajjo.” Karo na farko ke nan da ta kira sunanta tun rasuwar Bawa. “Mi kika ce ana sa mata a ciki?”

Hajjo ba ta dube ta ba.

“Aya, Inna. Da dabino, da gwanda, da karas. Wancan da ɗanki ya soke, shi ke shuka su.”

Tsohuwar ta kifa fuska a ƙasa.

Direban da ya ba da rawaninsa ya ce Katsina zai nufa yanzu, in an yi sauri za a kai asibiti kafin magariba, da mai raunin da yarinyar. Aka ɗaga Kalilu mutum huɗu, aka shimfiɗe shi kan buhunan gyaɗa. Idanunsa a rufe, rawanin Malam Ummaru ya riga ya rine.

Hajjo ta goya Fatu, ta kama ƙarfen motar za ta hau. Babban ɗan kwastan ya tare ta da littafi a hannu.

“Tsaya, baiwar Allah. Maganar jini ce, dole in rubuta. Ke mi ce ce a gare shi? Matarsa ce ke?”

Jama'a suka zuba mata ido, har da waɗanda suka ji irin maganar da ake yi a gari. Hajjo ta juya ta dubi ubanta.

Malam Ummaru na tsaye kai ba rawani, furfurarsa a waje, hannuwansa jajur har gwiwar hannu. Ya dubi 'yarsa, ya juya ga ɗan kwastan.

“Rubuta,” ya ce. “Ɗiyata ce. Matar da zai aura ce, ni na ba shi.” Muryarsa ta karye. “In Allah ya tashe shi.”

Ya sa kafaɗa, ta taka ta hau.

Motar ta yi gurnani ta ɗau hanya. Hajjo ta rarrafa kan buhuna har inda yake, ta sunkuya dab da kunnensa.

“Malam Kalilu, ka ji abin da Baba ya ce? Ka ji?”

Bai motsa ba. Ta kai bayan hannunta kusa da hancinsa, ta riƙe nata numfashin, tana jira motar ta fita daga gargada don ta iya ji.